Tallafin Gaggawa na Ƙananan Hukumomi ga Masu Ƙaramin Ƙarfi: Tambayoyi da Amsoshi

Gidan da ke rayuwa hannu baka hannu ƙwarya ba ya buƙatar babban bala'i kafin ya durƙushe. Jinyar mako biyu ta isa, ko albashin da ya makara, ko gobarar da ta ci ɗaki guda. A ƙasashe da dama, ƙofar hukuma ta farko da irin wannan gida ke ƙwanƙwasawa ita ce ta ƙaramar hukuma. Amsoshin da ke ƙasa sun fi karkata ga tambayar da ba a cika yi ba sai an je an tarar da asusu wayam: wa ke zuba kuɗin, bisa wane sharaɗi, kuma zuwa yaushe.

Wai mene ne tallafin gaggawa?

Kuɗi ne ko kaya da hukuma ke ba iyali sau ɗaya, ko na ɗan lokaci, domin su tsallake matsalar da ta faɗo musu ba shiri. Ya sha bamban da tallafin wata-wata irin na tsofaffi ko marasa aiki, wanda galibi gwamnatin tsakiya ke biya, kuma duk wanda ya cika sharaɗi haƙƙinsa ne. Na gaggawa yawanci yana hannun jami'i. Shi zai duba, ya auna, ya ce e ko a'a, gwargwadon ƙa'ida da abin da ya rage a asusu.

Abin da aka fi biya shi ne bashin haya da ya kai ga notis, kuɗin wuta ko na ruwan famfo da ake shirin yankewa, abincin 'yan kwanaki, da kayan fara zama irin su gado da abin girki ga matar da ta gudo da 'ya'yanta daga gidan da ake dukanta. A Burazil, dokar jin daɗin jama'a ta 1993 ta fayyace lokutan da ake ba da irin wannan agaji: haihuwa, mutuwa, ƙuncin wucin gadi da bala'in da ya shafi jama'a, kuma ƙananan hukumomi ne ke tafiyar da shi.

Me ya sa aka ɗora wa ƙaramar hukuma, ga gwamnatin tsakiya da ta fi ta kuɗi?

Saboda kusanci. Jami'in da ke cikin gari zai iya taka ƙafa ya ga rufin da ya rufta, ya kira mai gida ya roƙe shi ya ƙara mako guda, ya san wace ƙungiya ce ke da barguna a ajiye. Ma'aikatar da ke babban birni takarda kawai take gani.

Tunanin daɗaɗɗe ne. A 1601 Ingila ta yi dokar da ta wajabta wa kowace gunduma ta karɓi haraji daga mazaunanta masu gida da ƙasa, ta naɗa masu kula, ta ɗauki nauyin talakawanta. Amma cikin wannan tarihin akwai gargaɗi. Da yake kowace gunduma daga aljihunta take biya, sai kowa ya shiga gudun talakan wani. A 1662 aka yi dokar da ta ba da damar a tasa ƙeyar baƙon da ake ganin zai zama nauyi, a mayar da shi inda ya fito. Har yau burbushin wannan na nan a cikin sharaɗin da wasu hukumomi ke sawa, cewa sai ka shekara kaza a yankin kafin a saurare ka. Wanda wannan sharaɗi ke kamawa sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa buƙata, domin mutumin da masifa ta koro ai sabon zuwa ne.

To daga ina kuɗin ke fitowa?

Hanyoyi uku ne, kuma akasari a gauraye suke. Akwai kuɗin shigar ƙaramar hukumar kanta, wato harajin gidaje da filaye da na kasuwanci da kuɗin lasisi. Akwai kason da gwamnatin tsakiya ko ta jiha ke turowa. Sai kuma gudunmawar gidauniyoyi, ƙungiyoyin addini da kamfanonin wuta da ruwa, wadda ke taimakawa amma ba a iya gina tsari a kanta.

Ta farkon ce ke da matsala tun daga tushe, kuma a nan gizo ke saƙa. Yankin da talakawa suka fi yawa shi ne yankin da gidajensa ba su da daraja sosai, kasuwancinsa ba shi da ƙarfi, don haka harajinsa ya fi na kowa ƙaranci. Inda aka fi buƙata, nan aka fi rashi. Sannan ranar da tattalin arziki ya karye, masana'anta ta rufe, masu neman agaji sun ninka, a daidai lokacin ne kuɗin shiga ke raguwa. Ƙananan hukumomi da yawa kuma doka ta hana su cin bashi domin kashe-kashen yau da kullum, saɓanin gwamnatin tsakiya. Shi ya sa duk tsarin da ya bar tallafin gaggawa a kan harajin gida kaɗai, ya riga ya yanke hukuncin cewa talakan yanki mai arziki zai samu, talakan yanki matalauci kuwa sai dai haƙuri.

Maganin da ƙasashe ke bi shi ne rabon kuɗin tsakiya bisa yawan mabuƙata. A Afirka ta Kudu, kason da ake tura wa ƙananan hukumomi yana la'akari da adadin gidaje matalauta, da shi ake ɗaukar nauyin ruwa da wuta kyauta ga waɗanda aka yi wa rajista, a ma'aunin ƙasa na lita 6,000 na ruwa da yunit 50 (kilowat-awa) na wuta a wata ga kowane gida.

Idan gwamnatin tsakiya ta turo kuɗin, ba shi ke nan ba?

Ina! Da sauran rina a kaba. Akwai tambaya biyu: an keɓe kuɗin ga wannan aiki kaɗai? Kuma na tsawon wane lokaci ne?

Ingila ta nuna abin da ke faruwa idan ba a keɓe ba. Kafin Afrilun 2013 gwamnatin tsakiya ce ke ba da rancen gaggawa da tallafin kayan zama daga wani asusu na ƙasa. A wannan watan aka soke su, aka miƙa aikin da kuɗinsa ga ƙananan hukumomi, amma ba a ɗaure kuɗin da sharaɗi ba, ba a kuma wajabta musu gudanar da shirin ba. Wannan ya zo ne a shekarun da ake ta zaftare musu kasafi. Ka saka kanka a kujerar ma'ajin hukuma: doka ta tilasta maka kula da tsofaffi da yaran da ke hannun hukuma da kwashe shara, ga kuma wani kuɗi a gefe da babu kotun da za ta kama ka idan ka taɓa shi. Cikin 'yan shekaru hukumomi da dama suka rage shirin ƙwarai, wasu suka rufe shi baki ɗaya. Ba lallai mugunta ba ce. Abin da ba wajibi ba shi ake fara yankewa. Lokacin da hukumar birnin Bamingam ta ayyana a Satumban 2023 cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba, ƙa'idar da ta hau kanta ita ce dakatar da sabon kashe kuɗi in ban da wanda doka ta wajabta da na kare masu rauni.

Sikotlan ta bi wata hanya a wannan shekarar ta 2013. Ta kafa asusu guda na ƙasa, ƙananan hukumominta 32 ke raba shi bisa ƙa'ida ɗaya, kuma a 2015 ta mayar da shi doka. Mai nema a kowane gari ya san akwai shirin, ya san sunansa.

Batun lokaci kuma ga misalinsa. A Oktoban 2021 gwamnatin Birtaniya ta buɗe wani asusun tallafa wa gidaje na fam miliyan 500, inda miliyan 421 suka tafi ga ƙananan hukumomin Ingila na wata shida. Kuɗi ne mai tsoka, ya kuma ceci gidaje masu yawa. Sai dai an yi ta sabunta shi ne gutsi-gutsi, yawanci wata shida-shida. A 2024 sai ranar 6 ga Maris aka sanar da tsawaitawa, alhali wa'adin zai ƙare ranar 31 ga watan. Hukumar da ba ta san ko kuɗi zai zo wata mai zuwa ba, yaya za ta riƙe ƙwararren ma'aikaci, ko ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar da ke ba mutane shawara kan bashi? A Yunin 2025 gwamnati ta sanar da cewa daga Afrilun 2026 za a maye gurbinsa da asusu mai kasafin shekaru da dama a jere. Wannan shi ne abin da ya kamata a yi tun farko.

Ɗan kuɗin da ake bayarwa sau ɗaya, yana hana wani abu kuwa?

Yana hanawa, idan ya zo a kan kari. Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga birnin Shikago na Amurka, kuma yadda aka same ta abin a tsaya a kai ne.

A birnin akwai cibiyar da masu fuskantar kora daga gida ke kira ta waya. Kuɗin da cibiyar ke haɗa mutane da shi yana zuwa yana yankewa: yau akwai, gobe babu, jibi ya dawo, mai kira kuma bai san wace rana ya faɗa ba. Mutum biyu masu matsala iri ɗaya, ɗaya ya kira Talata aka ce masa a kawo takardu, ɗayan ya kira Alhamis aka ce a yi haƙuri. Masu bincike uku, William Evans da James Sullivan da Melanie Wallskog, suka bi sawun kusan mutum 4,500 da suka kira tsakanin 2010 da 2012, suka buga sakamakon a mujallar Science a 2016. Waɗanda suka kira ranar da akwai kuɗi, yiwuwar su ƙare a matsugunin marasa gida cikin wata shida ta ragu da kashi 76 cikin 100.

Abu biyu ke cikin wannan. Na farko, tallafin na aiki. Na biyu, wanda ya fi damuna, abin da ya raba iyalin da suka tsira da waɗanda suka kwana a matsuguni shi ne ranar da suka ɗaga waya. Babu laifin da na Alhamis ya yi. Kuma hukumar da ta ƙi biyan bashin hayar wata ɗaya, sau da yawa ita ce dai za ta zo ta biya kuɗin matsuguni na watanni, da na asibiti, da na yaran da suka bar makaranta.

Na je an ce min kuɗin bana ya ƙare. Ta yaya kuɗin gaggawa zai ƙare?

Domin asusun yana da iyaka, masifa kuwa ba ta da ita. Yawancin shirye-shiryen nan ana ware musu adadi ne a farkon shekarar kasafi. In buƙata ta yi yawa, ko dai a raba a kan wanda ya riga zuwa har ya ƙare, ko a tsaurara sharaɗi a tsakiyar shekara, abin da aka biya wa maƙwabcinka a watan biyu a hana ka shi a watan tara. Wani lokacin kuma akasin haka ake yi: jami'ai su yi ta maƙo don tsoron kada ya ƙare, sai ƙarshen shekara ya zo da ragowa, a yi ta rabo cikin gaggawa don kada baitulmali ya karɓe.

Ana iya gyara wannan. A raba kasafin wata-wata, a ajiye wani kaso na ko-ta-kwana, a kuma bar ragowar ta tsallaka zuwa baɗi. Filifins ta sa irin wannan a doka game da bala'o'i. Dokarta ta 2010 ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigarta na yau da kullum, kashi 30 na wannan a ajiye don agajin nan take, abin da ba a kashe ba kuma ya shiga asusun amana na shekara biyar.

In an ce maka ya ƙare, kada ka juya hannu rabbana. Nemi a rubuta buƙatarka, ka tambayi ranar da za a sake zuba kuɗi, ka kuma tambayi wace ƙungiya suke tura mutane wurinta.

Wa ya cancanta, kuma waɗanne takardu ake nema?

Kowace hukuma da ƙa'idarta, amma tambayoyin kusan ɗaya ne: nawa ke shigowa gidan, mutum nawa ke ci a ciki, me ya faru, akwai ajiya ko wata mafita, kuma shin wannan kuɗin zai warware matsalar ko jinkirta ta kawai zai yi. Ana yawan neman shaidar ko kai wane ne, shaidar zama a yankin, shaidar samu, da takardar da ke nuna gaggawar, kamar notis daga mai gida ko takardar asibiti.

A nan ne shirye-shirye masu kyau ke kashe kansu. Ga mace ta zo da goyo, hannunta riƙe da notis ɗin kwana bakwai. An miƙa mata fom mai shafi da yawa, ana neman takardar albashi ta wata uku, ita kuwa aikin wuni take yi, a hannu ake biyanta. Ana neman yarjejeniyar haya, mai gidan bai taɓa rubuta mata ko layi ɗaya ba. An ce ta cike ta intanet, wayarta ba ta da data. Kafin ta haɗa rabin abin da ake nema, kwana bakwai sun cika, agajin ya zama ihu bayan hari.

Amurka ta ga wannan a babban sikeli. A Disamban 2020 majalisa ta ware dala biliyan 25 don biyan bashin haya lokacin annobar korona, ta ƙara biliyan 21.55 a Maris na 2021, ta hannun jihohi da ƙananan hukumomi. Zuwa ƙarshen Yunin 2021, kusan biliyan 3 kacal ya isa hannun jama'a. Kuɗi jibge, mutane na jiran kora. Ɗaya daga cikin matakan da ma'aikatar kuɗi ta matsa a kai shi ne a karɓi shaidar da mutum ya yi wa kansa a rubuce idan ba shi da takarda, kuma rabon ya ƙara sauri a watannin da suka biyo baya.

Tsabar kuɗi ya fi, ko a ba su kaya? Ba za su ɓarnatar ba?

Wannan tsoron ya fi hujjarsa girma. A 2014 David Evans da Anna Popova na Bankin Duniya suka tattara nazarce-nazarce 19 daga ƙasashe masu tasowa, suka ga cewa tallafin tsabar kuɗi bai ƙara kashe kuɗi a kan giya da taba ba, a wurare da dama ma raguwa ya yi. Uwar da ke tsaka da matsala ta fi jami'i sanin ko abinci ne ya fi gaggawa a wannan makon, ko magani, ko kuɗin motar zuwa wurin aiki. Katin sayayya da ba ya aiki sai a shago guda ba zai biya ko ɗaya daga cikin biyun ƙarshe ba, ga tonon asiri a gaban mai kanti.

Akwai dai inda kaya ko biya kai tsaye ya fi. Hukumar da ke sayen gadaje da yawa a lokaci guda tana samun rangwame. Biyan mai gida hannu da hannu yakan sa ya janye notis a ranar. Gidan da ake tsoron wani zai ƙwace kuɗin, shi ma a bi ta wata hanya. Kamata ya yi kuɗi ya zama asali, kaya kuma a koma gare su idan akwai dalili.

Bashi ne, sai na biya?

Ya danganta da wurin. A Sikotlan kyauta ne, ba a mayarwa. Wasu hukumomi na ba da rance mara ruwa don kuɗin ya riƙa juyawa. Tambayi wannan kafin ka sa hannu. A ganina rance ba ya dacewa da gidan da dama samunsa bai kai ƙarshen wata, domin cire biyan bashin daga ɗan abin da ke shigowa shi ke haifar da gaggawa ta gaba.

Yaya za a hana shi zama na shafaffu da mai?

Kusancin da ya sa ƙaramar hukuma ta dace da aikin, shi ne kuma ke buɗe ƙofar son kai. Kansila ya san mabuƙaci, ya kuma san wanda ya zaɓe shi. Ƙa'ida ta farko ita ce a raba aiki: zaɓaɓɓu su amince da kasafi da sharuɗɗa, ma'aikata su yanke hukunci kan kowane fom, mai binciken kuɗi ya bi bayansu.

A Faransa, cibiyar jin daɗin jama'a ta kowane gari magajin gari ne shugabanta, amma kujerun kwamitinta rabi na kansiloli ne, rabi na mutanen da aka naɗo daga waje, ciki har da wakilan ƙungiyoyin iyalai, tsofaffi da masu buƙata ta musamman. Indunisiya kuwa, a 2020 ta umarci ƙauyuka su ciri wani kaso daga asusunsu na raya ƙauye su ba gidaje matalauta rufiya 600,000, kuɗin ƙasar, a wata na tsawon wata uku, kuma a taron ƙauye ake tabbatar da sunayen. Wannan na rage maguɗi, amma yana da tsada ta wani gefen: akwai mai mutuncin da zai gwammace ya kwana da yunwa da a karanta sunansa a bainar jama'a. Na fi karkata ga a wallafa alƙaluma dalla-dalla, a bar sunaye ga masu bincike.

An ƙi ni. Akwai abin da zan iya yi?

Nemi dalilin a rubuce, ka nemi wani jami'in dabam ya sake dubawa. Sau da yawa ƙin na zuwa ne daga takarda ɗaya da ta ɓace ko bayanin da aka fahimta a baibai. Kyakkyawan tsari yana da mataki na biyu a wajen hukumar. A Sikotlan, tun Afrilun 2016 ofishin mai sauraron koken jama'a ne ke wannan aiki, yana kuma da ikon sauya hukuncin. Ƙa'idarsu ta kuma ce a yanke hukunci kan tallafin gaggawa kafin ƙarshen ranar aiki ta gaba, da zarar bayanai sun cika.

Ba ƙungiyoyin agaji ne ya kamata su yi wannan ba?

Suna yi, kuma sukan riga hukuma isa. Amma gudunmawa na bin tausayin masu bayarwa, tana yawa bayan babban bala'in da aka nuna a talabijin, tana ƙafewa a watannin da babu labari. Ƙungiya kuma tana da damar zaɓar wanda za ta taimaka, ba wanda zai kai ta ƙara. Abin da ya fi aiki shi ne hukuma ta riƙe kuɗi da ƙa'ida, ƙungiyoyi su zama ƙofofin da mutanen da ke tsoron ofis za su shigo ta nan.

Ni ba jami'i ba ne. Me zan duba a kasafin ƙaramar hukumata?

Fara da neman layin tallafin gaggawa. In yana da layinsa na kansa, da sauƙin bibiya. In an cusa shi cikin wani babban kan magana kamar "jin daɗin jama'a", tambayi nawa ne nasa a ciki. Kwatanta abin da aka ware da abin da aka kashe a bara, ka ga nawa ya tafi ga iyalai, nawa ga gudanarwa. Kada a ɗauka duk kuɗin gudanarwa ɓarna ne, domin shirin da ba shi da ma'aikacin ɗaga waya ba zai biya kowa cikin kwana ɗaya ba.

Daga nan sai tambayoyin da kasafi ba ya nunawa, waɗanda ake yi wa kansila ko a zaman sauraron jama'a: mutum nawa suka nema, nawa aka ƙi kuma don me, kwana nawa ake jira, a wane wata kuɗin ya ƙare. Mafi muhimmanci shi ne adadin waɗanda suka cancanta amma aka mayar da su saboda asusu babu komai. In babu mai riƙe da wannan lissafin, a nemi a fara rubuta shi daga yanzu, domin da shi ake zuwa gaban majalisa ko gwamnatin tsakiya a nemi ƙari a kasafin baɗi.